Yadda Wandon Kakana Ya Shiga Intanet

Akwai wata Asabar da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne duk wanda ya tashi ba da labarinta a danginmu sai ya ɓata shi. Wasu na cewa da gangan na yi don in tozarta kakana. Wasu na cewa malaminmu ne ya zuga ni. Akwai matar wani kawuna a Gulma da har yau take rantsuwa wai da idonta ta ga an sa ni durƙuso cikin rana ina kuka, alhali ranar ko hanyar Argungu ba ta taka ba. Duk ba haka ba ne. Abin bai kai nan ba: ƙiwa ce, da gaggawa, da wani ɗan agogo da ke cinye mintoci a kusurwar allon kwamfuta.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, na samu shiga wata kwaleji a nan Birnin Kebbi. Baba bai so ba da farko. Ma'aikacin gwamnati ne da aka dawo da su daga Sakkwato bayan an ba mu jiha, muka zauna a unguwar Gesse, kuma mutum ne mai tsoron abin da za a ce. Ba karatun yake ƙi ba, bakina yake tsoro, don tun ina ƙarama ba na iya riƙe magana ta kwana a cikina. Ranar da ya sa hannu a takardar shigata, sai da ya ajiye biro ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ki ji ni da kyau. Ranar da bakinki ya jawo mini magana a garin nan, ranar kin gama makaranta." Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, ai a makaranta rubutu ake yi, ba surutu ba.

A zango na biyu aka haɗa mu da malamin darasin rubutu. Ya dawo ke nan daga wani kwas a kudu, kansa cike da sababbin abubuwa. Ranar farko ya rubuta kalma ɗaya a allo, bulog, ya juyo yana murmushi kamar ya kawo mana tsaraba. Ya ce shafi ne da mutum zai buɗe a intanet da sunansa, ya riƙa zuba rubutu. Kowane mako zai ba da batu, kowa ya rubuta nasa ya sa a shafinsa kafin Juma'a, da Hausa ko da Turanci. Sannan dole kowa ya karanta na mutum biyu a aji ya yi musu sharhi a ƙasa. Mu arba'in da wani abu a ajin, waɗanda suka taɓa taɓa kwamfuta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ba mu da kwamfuta a gida, wayoyin lokacin kuma kira kawai suka iya. Sai kafe, wato shagon da ake biyan kuɗi a shiga intanet. Akwai wani kusa da makaranta na wata mata 'yar Filato da muke kira Madam, mai haƙuri da mu kamar uwa. Za ta ba ka 'yar takarda mai lamba, ka shigar, agogon minti talatin ya fara tafiya. Minti goma na farko kana zaune ne kana kallon shafi yana buɗewa daga sama, layi bayan layi, kamar ana warware tabarma. Saura ashirin. A cikinsu za ka nemo haruffa da yatsa ɗaya, ka rubuta, ka aika, ka yi sharhi biyu. Wasu suna rubutowa a takarda tun daga gida. Ni ban taɓa yi ba. In na zauna, abin da ya zo kaina shi nake bugawa, ban taɓa komawa na karanta ba.

Sharhin kuwa na samo masa dabara tun makon farko. Sai in buɗe shafin kowa, in gangara ƙasa ba tare da na karanta ko kalma ɗaya ba, in rubuta, "Ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." Wata rana na rubuta haka a ƙarƙashin rubutun wata da take ba da labarin gobarar da ta cinye musu rumbu. Mako biyu ba ta yi mini magana ba, ni kuma ban san dalili ba. To daga nan kuskurena ya taso. Tunda ni ba na karanta na kowa, sai na ɗauka babu mai karanta nawa. Na ɗauki shafin nan kamar rijiya ce da nake jefa takarda, Malam kaɗai ke leƙawa ya ba da maki.

A mako na shida Malam ya ce kowa ya rubuta a kan wani dattijo da ya sani. Ni dattijo ɗaya ne ya faɗo mini, mahaifin Baba, wanda muke kira Kaka. Tsohon masunci ne a Argungu. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, irin wanda babu birki. Shi yana ce mini matarsa, kuma duk zuwan da na yi sai ya sake ni, ko don tuwo ya yi tauri, ko don na zo hannu biyu babu goro. Ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, wa ma zai zauna da kai. Baba yana jin wannan sai ya tashi ya bar wurin, don shi ko ido ba ya iya haɗawa da mahaifinsa.

Kaka yana da labari ɗaya da ya ba mu ya fi a ƙirga: yadda ya kama giwan ruwa shi kaɗai a wani bikin kamun kifi tun yana saurayi, da homarsa, ragar nan ta kamun kifi, da gorarsa, ya fito ana ta yi masa kiɗa. Kifin kuma girma yake yi da shekaru. Ina firamare ya kai tunkiya, ina sakandare ya kai jaki. Amma akwai wani ɓangaren da shi ba ya faɗa. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da shi, ita ta ba ni wata rana muna turara shinkafa, kamar yadda ta ji daga mahaifiyarsu. Ta ce ba shi ya kama kifin ba, kifin ne ya kama shi. Ya ja shi cikin ruwa har tsakiyar gulbi, sai da maza uku suka bi suka fid da su tare. Kuma da ya fito gaban jama'a, babu wando a jikinsa, da gorar nan ya kare mutuncinsa har gida. Gwaggo ta ba ni labarin tana dariya har da hawaye, sannan ta ce kada in faɗa wa kowa. Ni kuma ban faɗa ba. Rubutawa na yi.

Ranar Alhamis ce, ina zaune a kafe aka ɗauke wuta. Kafin Madam ta tayar da janareta shafi ya sake buɗewa, saura mini minti goma sha huɗu. Na zuba labarin kamar yadda Gwaggo ta ba ni, na ƙara gishiri, na ce kifin ma bai wuce 'yar akuya ba. Agogo na nuna minti ɗaya na ga rubutun ya tsaya tsirara babu rufewa, sai na ƙara layi ɗaya: "Har yau yana ba da labarin, amma yanzu babu mai sauraronsa sai kajin gidan." Na danna, na tashi, na manta.

Abin da ban sani ba, akwai mai karantawa. Wani ɗan ajinmu ne, dogo mai shiru-shiru da ke zama a baya, ɗan Argungu, unguwarsu ɗaya da Kaka. Shi da gaske yake karanta na mutane kafin ya yi sharhi, bawan Allah. Ya karanta nawa, dariya ta kama shi, ya sa Madam ta buga masa a takarda don ya nuna wa yayansa. Yayan tela ne. Duk wanda ya san shagon tela ya san ba ɗinki kaɗai ake yi a ciki ba. Aka karanta a nan, wani ya ara ya kai aka yi hotonta, hoton ma aka yi hotonsa. Cikin mako biyu takardar ta zaga Argungu, ta hau mota ta dawo Birnin Kebbi, ta sauka a kan teburin Baba a ofis. Wani abokin aikinsa ne ya kawo masa, wai, "Alhaji, wannan ba gidanku ba ne?"

Bayan la'asar ya shigo gida, ko hula bai cire ba. Ya miƙo mini takardar. Ta sha hoto har haruffan sun yi kauri, amma sunana da na Baba suna nan a sama, ɓaro-ɓaro.

"Ke kika rubuta wannan?"

Na ce, "Aikin makaranta ne, Baba. Malam kaɗai ke gani."

"Malam kaɗai." Ya maimaita a hankali. "Masinjan ofishinmu ma ya tambaye ni labarin gora."

Ya ce Kaka ya aiko a kai ni ranar Asabar. Ya ce in tattara littattafaina wuri ɗaya, don Litinin ba zan koma ba sai in tsoho ya yafe, shi kuma bai ga ta inda zai yafe ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Washegari da sassafe na ruga kafe don in goge. Madam ta saurare ni har na gama, ta ce, "Gogewa ba wuya, 'yata, zo in nuna miki. Amma na takarda fa? Jiya kaɗai mutum huɗu suka zo na buga musu. Ɗaya ma cewa ya yi in ƙara girman rubutun, babansa ba ya gani sosai." Na fito na ci karo da dogon nan a bakin ƙofa. Na tare shi na ce wa ya aike shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi daɗi ya yi mini. Ke ba ki ga sharhina ba?" Ban gani ba. Ban ma san a ina ake ganin sharhin da aka yi mini ba.

Asabar da hantsi muka kama hanya a tsohuwar motar Baba. Tun daga Gesse har muka wuce Ambursa idonsa na kan titi. Ina kallon fadama ta taga, shinkafa ta yi kore shar, mata na tafe da ƙwarya a ka, ni kuma ina ta shirya ban haƙuri a raina. Matsalar ita ce ban iya ba. Ban taɓa ba Kaka haƙuri ba a rayuwata, zagin wasa kawai na iya da shi.

Muna shan kwanar gidan Kaka na hango takalma a ƙofar zaure. Zauren nan da na saba samunsa shi kaɗai da buzunsa da rediyonsa, ranar cike yake da tsofaffi, har wasu sun zauna a dakali. Baba ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ni na raɓe a bakin ƙofa.

Kaka ya ce, "To, ga ta nan. Ke, zamna nan inda kowa ka ganinki."

Ya cire hularsa, ya zaro takarda daga ciki, an ninke ta har ta yi laushi kamar tsumma. Ya miƙo mini. "Karanta muna. Da bakin da yar rubuta muka son ji."

Na fara. Na karanta homa, na karanta yadda kifi ya ja shi. Da na hango wando na tafe a layi na gaba, sai na yi tsalle na dira a sakin layi na ƙasa.

"Kin tsallake," in ji Kaka, idonsa a rufe. "Bayan maza ukku akwai wando. Koma baya."

Ashe an karanta masa ita har ya haddace. Na koma na karanta wando, na karanta gora. Wani tsoho ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Baba ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji. Na kai layin ƙarshe, na kajin nan, na karanta shi ƙasa-ƙasa. A nan babu wanda ya yi dariya.

Kaka ya buɗe ido ya ce, "Wagga takarda cike take da ƙarya." Na ce a raina shi ke nan, makaranta sai wata rayuwar. Sai ya ci gaba, "Akuya? Ni za ki cewa akuya taj ja ni cikin gulbi? Kihin da sai da anka aza shi bisa amalanke? Ke ko maraƙi ba ki iya cewa?"

Na ɗago na dube shi. Da gaske yake.

"Kuma wando ba ɓacewa yay yi ba. Ni nat tuɓe shi da hannuna. Homa ta yage, mi kika so in yi, in bar kihi shi tahi? Nac cusa mai wandon ga baki naf hiddo ta kunne nad ɗaure. Wagga dabara ta, ba abin kunya ba."

Wani siririn tsoho da ke jingine da bango, abokinsa tun na yarinta, ya ce, "Ƙarya ta. Ni nar riƙe ka ga ƙahwa. Wandon shi yaf fara hitowa kahin kai, ruwa na tahiya da shi."

"Kai da kaz zo bayan an gama? Kai rigata kaɗai kar riƙa."

Nan zaure ya kaure. Wannan ya ce yana wurin, wancan ya ce babansa ya ba shi labari, wani ya ce kifin a kan jaki aka ɗora shi ba amalanke ba. Tsofaffi masu furfura suna nuna juna da sanda a kan wandon da ruwa ya tafi da shi tun kafin a haifi Baba. Kaka yana tsakiya, ya miƙe zaune, yana auna girman kifin da hannuwa biyu har sai da na kusa da shi suka matsa. Na shekara ban ga fuskarsa haka ba.

Baba ya ga kamar dama ta samu, ya matso ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Yarinta ce. Na riga na yanke, ba za ta koma makarantar ba."

Kaka ya dube shi kamar bai gane shi ba. "In ka hidda ta, wa za ya gyara man labari? Kai?" Sannan ya karɓi takardar daga hannuna, ya aza yatsa a ƙasanta, daidai layin ƙarshe, duk da bai iya karatun boko ba. Ya sassauta murya. "Wando wasa na, tsakanina da matata. Wanga na ƙasa shi yac ci man rai. Kwana biyu ban ci tuwo ba. Ba don ƙarya ta ba, a'a. Duk takardar shi kaɗai na gaskiya." Ya juya ga Baba. "Kai, yaushe rabonka da ka zamna nan ka ji labarin ga har ƙarshe?"

Baba ya kau da kai. Ni ma na rasa inda zan sa idona. Wasan da na saba yi masa a tsakar gida, yana ramawa muna dariya, na ɗauke shi na kai inda ba shi da bakin ramawa, na kuma rufe da abin da ba wasa ba.

Na ce, "Kaka, ka yafe mini."

Ya ce, "Ji ta. Ashe ta iya." Tsofaffi suka yi dariya. Sai ya yanke hukunci. Makaranta zan koma ranar Litinin. Rubutun mako mai zuwa nasa ne, shi zai faɗa in rubuta, babu ragi. Kuma Baba ne zai riƙa kawo ni duk Asabar, ya zauna har a gama. Daga ƙarshe ya ce ya sake ni saki ɗaya saboda akuya, in je ciki Gwaggo ta ba ni abinci. Na shiga na sami Gwaggo a bayan ƙofa, inda ta laɓe tana saurare. Ta kama kunnena ta murɗe, ta ce, "Da kin ambaci sunana da yau sai gawarki."

Batun da Malam ya bayar a makon nan shi ne amfanin tsaftar muhalli. Ni kuwa na sa martanin Kaka, kifi ya koma maraƙi, wando ya zama igiya. Malam ya ba ni maki mafi ƙanƙanta da na taɓa samu, ya rubuta cewa ban bi umarni ba. Bayan an tashi ya tsayar da ni a bakin aji ya ce, "To shi abokin nasa me ya ce da ya ji?" Har zangon ya ƙare ina yin biyu duk mako, ɗaya na Malam, ɗaya na Kaka. Na ji labaran da ban taɓa sanin yana da su ba, don da can da ya fara na kifi muke watsewa, ba mu taɓa bari ya kai ga na biyu ba. Baba yana gefe a kan buzu, tun yana duba agogo har ya daina.

Kaka ya rasu shekaru kaɗan bayan na gama. Shafin ma ya bi ruwa, na manta lambar sirrin shiga, daga baya na neme shi na rasa. Abin da na koya dai bai ɓace ba: duk abin da ka rubuta a kan mutum, ka ɗauka a gabansa za ka karanta shi, cikin zaure, ba kuma za a bar ka ka tsallake layi ba. Har yau ina da gaggawa, bakina ma bai mutu ba, amma ban ƙara aika rubutu ban koma na karanta ba.

Kwanan baya Gwaggo ta aiko mini cewa ta sami takardun labaran Kaka da nake bugo masa duka a ƙasan wata tsohuwar kwalla, har da ta farko mai laushin nan da yake ajiyewa a hula. Ta tsufa yanzu, ita ce ke zaune ita kaɗai a gidan, kuma na lura duk wanda ya je gaishe ta ba ya wuce minti goma. Don haka na sayi sabon littafi da biro biyu. Asabar mai zuwa zan tafi Argungu in zauna, ta ba ni nata labaran tun daga farko, ba zan duba agogo ba. In na rubuta, ita zan fara karanta wa kafin kowa ya gani.